Kwaɗi sun cika gari, ana kuma cewa suna ƙarewa: ina gaskiyar take?

Duk wanda gidansa ke kusa da kududdufi a Katsina ko Daura ya san daren da aka yi ruwan farko mai ƙarfi ba a barci da wuri. Kwaɗi ke kwana suna kuka, wannan ya ɗauka wancan ya amsa, har kiran assalatu. Gari ya waye a ga waɗanda mota ta take a kan kwalta. Mutumin da ya saba da haka, in ya ji a rediyo cewa dangin kwaɗi ne suka fi duk dabbobi masu ƙashin baya shiga haɗarin ƙarewa a duniya, har kashi 41 cikin ɗari na nau'o'insu, ba laifinsa ba ne in ya ce zancen Turawa ne. Sai kuma ka zauna da dattawan unguwa su ce maka kukan da ake ji yanzu bai kama ƙafar na da ba. Sannan in ka duba kundin masana ka tarar an rubuta kwaɗon gidajenmu cikin waɗanda ba abin fargaba a kansu. Magana uku ke nan, kowace kamar tana ƙaryata 'yar'uwarta. Shin kwaɗon nan yana cikin haɗari ko ba ya ciki, kuma me ya shafi manomi da mai gida?

Wane kwaɗon ake nufi?

Bahaushe ya tara abubuwa da yawa a kalmar nan, har da na kulle ƙofa da na zogale. Su kuwa masana sun ƙidaya nau'i sama da 8,000 na halittun da ke fara rayuwa a ruwa su ƙarasa a tudu, mafi yawansu kwaɗi. Biyu daga ciki ne suka shafe mu a nan.

Na farko shi ne kwaɗon gida, mai kaushin fata da ƙuraje, mai kumburi biyu a bayan idanu. Shi ne za ka ɗaga randa ka same shi kwance a danshin gindinta, shi ne kuma ke zaune ƙarƙashin fitilar sola da daddare yana lasar shinge ɗaya bayan ɗaya. Sunansa a kimiyyance Sclerophrys regularis. Wanda ya yi karatu da tsofaffin littattafai ya san shi da Bufo regularis. An sauya sunan a 2006, aka sake sauyawa a 2016, amma dabbar ita ce dai. Macen ta fi namijin girma, takan kai santimita 13. Ana samunsa tun daga Senegal har Habasha da Kenya, ya kuma bi kogin Nilu har Masar. Yana da 'yan'uwa na yankin Sahel masu kama da shi ƙwarai, irin su Sclerophrys xeros, waɗanda ko masani sai ya saurari kukansu yake samun sauƙin bambanta su.

Na biyu shi ne burduddugi, Hoplobatrachus occipitalis, babba mai santsin jiki, idanunsa a can saman kai, ba ya nisa da ruwa. In ka doshi bakin tafki ka ji "tsulum" tun kafin ka ga komai, galibi shi ne. Shi ake kamawa a busar a kai kasuwa.

Abin da "ba abin fargaba" ke nufi

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda aka kafa a 1948, tana da wani kundi da ta fara a 1964, ana ce masa Jan Kundi. A ciki ake sa kowane nau'in halitta a ɗaya daga cikin aji tara: wanda ya ƙare ƙurmus, wanda ya ƙare a daji sai a gidan ajiya, aji uku na masu haɗari (matsananci, babba, da mai rauni), wanda ya kusa shiga haɗari, wanda ba abin fargaba a kansa, wanda bayanai ba su isa a yanke masa hukunci ba, da wanda ba a duba ba tukuna. Kwaɗon gida da burduddugi duk suna ajin da ba abin fargaba.

Ba da ka ake rarraba su ba, akwai ma'auni. Kafin a ce nau'i ya shiga ko da mafi sauƙin ajin haɗari, sai ɗaya daga cikin wasu sharuɗɗa ya tabbata. Misali, yawansa a duniya baki ɗaya ya ragu da kashi 30 cikin ɗari a shekara goma ko zuriya uku. Ko kuma duk faɗin yankin da yake rayuwa bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba, sannan yana tsukewa ko ya rarrabu. Ko balagaggun da suka rage ba su kai 1,000 ba. Don a gane girman abin, Jihar Katsina kaɗai ta haura murabba'in kilomita 24,000. Dabbar da ta shimfiɗu daga Dakar zuwa Alƙahira ta yi wa wannan ma'auni nisa ƙwarai.

A nan mutane ke kuskure. Tambaya ɗaya tak kundin yake amsawa: shin akwai alamar wannan nau'i zai shuɗe daga doron ƙasa nan kusa? Bai ce komai ba game da yawan kwaɗin Ƙofar Marusa ko na fadamar Ajiwa. Da za a wayi gari babu kwaɗo ko ɗaya tsakanin Jibiya da Ɓaure, matsayinsa a kundin ba zai motsa ba, muddin yana nan a Mali da Sudan da Uganda.

To ina aka samo kashi 41?

Daga babban binciken da aka buga a mujallar Nature a watan Oktoban 2023, wanda ya duba nau'i 8,011 ya tarar 2,873 daga ciki, wato kashi 40.7 cikin ɗari na waɗanda ke raye kuma aka samu isassun bayanai a kansu, suna ajin haɗari. Babu wani rukunin dabbobi masu ƙashin baya da ya kai haka. Abin da ya fi cin su shi ne mayar da mazauninsu gonaki, sai sare daji da gine-gine, sai sauyin yanayi da cuta.

Sai dai waɗanda abin ya fi shafa masu ƙaramin gida ne, waɗanda duk duniyarsu dutse ɗaya ne ko rafi ɗaya. A Tanzaniya akwai wani ɗan ƙaramin kwaɗo da ke rayuwa a feshin ruwan gangaren Kihansi, fili bai wuce hekta biyu ba. Aka gina madatsar wutar lantarki, feshin ya ragu, cuta ta biyo baya, zuwa 2009 aka ayyana ya ƙare a daji. Waɗanda aka ajiye a gidajen dabbobi a Amurka ne suka ceci irin. A Najeriya ma akwai ɗan'uwan kwaɗon gidanmu, Sclerophrys perreti, wanda ba a san shi ko'ina ba sai duwatsun Idanre a Jihar Ondo. Irin waɗannan ne suka cika lissafin.

Cutar da ake magana wata fumfuna ce mai kama fata, ana kiranta kitirid, an gano ta a ƙarshen shekarun 1990. Ta yi ɓarna a Amurka ta Tsakiya da Ostareliya, an kuma same ta a tsaunukan Kamaru. Sanyi da danshi take so. Ta fi bunƙasa tsakanin digiri 17 da 25, zafin da ya haura 30 kuwa yana karya ta. Zafin bazarar Katsina da muke kuka da shi, ga kwaɗo garkuwa ne.

Dalilin da ya sa namu ya jure

Kwaɗon gida ba mai zaɓe ba ne. Kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar bulo, gefen madatsa, kwalbati, fadamar shinkafa, duk yana haihuwa a ciki. Macen na zuba ƙwai dubbai a lokaci guda, a jere cikin zare mai yauƙi kamar carbi, ta naɗe shi a jikin ciyawar ruwa. Kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe. 'Ya'yan baƙaƙe ne masu wutsiya, suna tafiya gungu-gungu a bakin ruwa inda ya fi ɗumi, suna kankarar gansakuka. Bayan wata ɗaya zuwa biyu, gwargwadon zafi da abinci, ƙafafu sun fito, wutsiya ta shanye, su hau tudu kowanne bai fi farcen yatsa ba. Mafi yawansu ba sa kai labari, amma da yake dubbai ne, kaɗan da suka tsira sun isa.

Da rani ya shige tsagar ƙasa, ramin ɓera, bayan banɗaki ko gindin randa ya jira. Kumburin bayan idanunsa dafi ne mai ɗaci. Karen da ya cafke shi sai ka ga yana dalalar da kumfa, ba ya sake marmari. Ga mutum ba ya cutarwa ta taɓawa, illa a wanke hannu kafin a taɓa ido ko baki. Har ma zama kusa da mutane ya amfane shi: madatsun Zobe, Jibiya, Ajiwa, Sabke da Daberam da noman rani da ke kewaye da su sun ba shi ruwa a watannin da da can babu.

Yawa ba ya hana raguwa

Misali mafi kusa da batunmu daga Ingila yake. Kwaɗon gidansu, Bufo bufo, shi ma yana ajin da ba abin fargaba. Amma da aka tattara ƙidayar masu sa kai da ke tsallakar da kwaɗi titi kowace shekara, binciken da aka buga a 2016 ya nuna yawansu a Birtaniya ya ragu da kusan kashi 68 cikin ɗari a shekara talatin. Kashi biyu cikin uku sun tafi, sunan ajin bai canza ba, domin raguwar a hankali take, kuma nau'in na nan a sauran Turai. Abin lura, sun san haka ne saboda suna ƙirgawa. Dattijon da ya ce kuka ya ragu a unguwarsu yana iya zama mai gaskiya ɗari bisa ɗari, kundin ma yana kan gaskiyarsa. Abu biyu daban suke aunawa.

Abin da ke cin su a ƙasar Katsina

Na farko shi ne ruwan haihuwa. Daminar arewacin jihar gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan shekara a birnin Katsina kuwa wajen milimita 600 ne. Abin da kwaɗo ke buƙata shi ne ruwan da zai zauna aƙalla mako shida ba tare da ya ƙafe ba. In aka yi ruwan farko ya zuba ƙwai, sannan aka ɗauke ruwa mako uku, sai ka tarar da 'ya'yan sun manne a busasshen laka kamar an zuba baƙin tsaki. Haihuwar wannan karon ta tafi. Tsofaffin kududdufan gari, da aka haƙa don ƙasar gini, su ne masu zurfin da ke riƙe ruwa har bayan kaka. Su ne kuma ake cikewa da shara a yanka filaye. Lambatun siminti da ya maye gurbinsu ba ya riƙe ruwa, bangonsa kuma a miƙe yake, kwaɗon da ya faɗa ba ya iya fita.

Na biyu maganin feshi. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatar cikinsa yake tsotsa, ta fata kuma yake wani ɓangare na numfashinsa. Duk abin da ke cikin ruwan kai tsaye yake shiga jikinsa. An nuna cewa sinadarin da ake haɗawa da wasu magungunan ciyawa na glyphosate don su kama ganye yana kashe 'ya'yan kwaɗi. A kan atrazine, da ake fesa wa masara da dawa, wani bincike na Jami'ar Kalifoniya a 2010 ya samu cewa ɗaya cikin goma na mazan kwaɗin da aka raina a ruwa mai ɗan kaɗan na maganin sun rikiɗe mata. Kamfanin da ke yin maganin ya musanta, amma Tarayyar Turai ta daina amincewa da shi tun 2004, NAFDAC ma ta sanar da janye shi da paraquat daga kasuwa. Babbar ɓarnar ma ba a feshin gona take ba, a wanke famfo take. Mai feshi ya gama aiki ya gangara bakin kududdufi ya ɗauraye tankinsa mai lita 16, ya jefar da kwalbar nan take. A ƙaramin ruwa wannan ya isa. Gyaran ba ya cin kuɗi: a ɗebo ruwan a bokiti a koma cikin gona, a ɗauraye kwalbar sau uku ana juyewa cikin tanki, ruwan wankin a watsa shi a kunyoyin da aka riga aka fesa, a bar taku goma zuwa ashirin daga bakin ruwa ba feshi, kuma kada a fesa in hadari ya haɗo.

Akwai kuma al'adar zuba baƙin mai a kan ruwa don kashe tsutsar sauro. Yana kashe ta, ya kashe duk abin da ke cinta, sauron kuma ya riga kowa dawowa.

Na uku ya shafi burduddugi kaɗai. Da rani, in ruwa ya janye suka taru a 'yan wuraren da suka rage, masu kamu kan bi su da tocila cikin dare. Haske na dallare shi ya tsaya cak. A busar ko a ƙyafe, a ɗura a buhu, a nufi kasuwannin kudu maso yamma. Wani bincike da aka buga a 2010 kan wannan fatauci a Najeriya da Benin da Burkina Faso ya samu cewa 'yan kasuwa 32 kawai a Najeriya na juya kwaɗi kusan miliyan 2.7 a shekara. Manya ake nema, manyan kuwa galibi mata ne masu ƙwai. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje, ba a raina ta, amma Indiya ta bi wannan hanya: ta yi shekaru tana fitar da cinyoyin ɗan'uwan burduddugi zuwa Turai, har ta haramta fitarwar a 1987, bayan koke kan raguwarsu da yawaitar ƙwari a gonakin shinkafa. Ta fuskar addini, Malikiyya sun halasta cin na ruwa, sauran mazhabobi uku sun hana, suna kafa hujja da hadisin Abu Dawuda da Nasa'i inda wani likita ya tambayi Annabi (SAW) game da sa kwaɗo a magani, ya hana kashe shi.

Masu cewa a cike kududdufi

Suna da hujja, kuma mai ƙarfi. Yara na nutsewa a ciki. Tsargiya na kama masu wanka. Ya zama juji, ga wari, ga sauro. Ga kuma matsin filin gini. Babu uban da za a ce wa ya bar ramin da ya ci ɗan maƙwabcinsa saboda kwaɗo ya saurara.

Sai dai abu biyu. Sauron zazzaɓi ya fi son ƙananan ruwa masu haske da rana ke duka, irin sawun kofaton shanu da na tayar mota, inda tsutsarsa ke kammala girma cikin kwana bakwai zuwa goma, tun kafin wani mai cinta ya iso. Babban kududdufi mai ƙwarin ruwa da mazari da burduddugi ba shi ne babbar matattararsa ba. Na biyu, ruwan da ramin ke haɗiyewa ba ya fasa zuwa don an cike ramin; gidajen da aka gina a wurin da na maƙwabta yake shiga. A ganinmu ba kowane rami ne ya cancanci a bari ba, amma manyan da ruwan unguwa ke gangarawa cikinsu sun fi amfani a killace su, a hana zuba shara, a sassauta gangaren gefe ɗaya, da a sayar da su fuloti.

Me talaka zai rasa?

Kada a zuzuta. Babban kwaɗon gida ba sauro ne abincinsa ba. Tururuwa, gara, buzuzu, gyare da tsutsotsi ya fi ci, 'ya'yansa kuma gansakuka. 'Ya'yan burduddugi ne mafarauta, suna cin tsutsar sauro har da 'ya'yan wasu kwaɗin. Duk da haka akwai abin dubawa daga Kosta Rika da Panama: bayan kitirid ta share kwaɗin yankin, binciken da aka buga a 2022 ya samu zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru na wasu shekaru, har kusan ƙarin mutum ɗaya cikin kowane dubu a shekara lokacin da abin ya yi tsanani. Yanayinsu daban da namu, amma ya nuna akwai alaƙa.

Amfanin dabba irin wannan a yawanta yake. Kwaɗo ɗaya a lambun tumatir ba ya canza komai. Ɗaruruwa da ke fita kowane dare tsawon damina su ne ke rage ƙwarin da manomi zai saya wa magani. In suka ragu rabi, nau'in bai ƙare ba, amma rabin aikin ya tafi, shamuwa da balbela da macizan da ke cin su ma su ji a jikinsu.

Ƙidaya da kunne

Hanyar da aka yi shekaru ana bi a Amurka ba ta buƙatar na'ura, kuma malamin kimiyya a sakandare ko ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Dutsin-Ma za su iya ɗaukarta. A zaɓi wurare goma masu ruwa, da tazarar da kukan wannan ba zai shiga na wancan ba. A fara rabin awa bayan faɗuwar rana, a daren da aka yi ruwa ko washegarinsa. A kowane wuri a kashe babur, a yi shiru minti biyar cif, a ba da maki: sifiri in ba kuka, 1 in ana iya ƙirga masu kukan ɗaya-ɗaya, 2 in kukan na hawa kan juna amma ana rarrabewa, 3 in ya game ba tsagaitawa. A rubuta kwanan wata, lokaci, da ranar da aka yi ruwan ƙarshe, a kuma naɗi sautin a waya don a tantance nau'in daga baya. Sau uku a damina ya isa: farko, tsakiya, da ƙarshe.

Inda ake ɓata aikin sananne ne. Maza kaɗai ke kuka, don haka makin alama ce, ba adadi ba. Daren iska ko kusa da janareta ba a ji da kyau. Canza wuri ko lokaci daga shekara zuwa shekara yana rushe kwatancen gaba ɗaya. Shekara ɗaya ko biyu kuma ba sa nuna komai, domin damina mai kyau kan cika ko'ina da kuka, wadda aka yi fari kuma ta sa a yi tsit. Sai an jera shekara biyar zuwa goma a wurare guda kafin a san ko layin sama yake yi ko ƙasa. Kududdufin da aka cike a tsakanin ba a cire shi daga jerin, ana ci gaba da tsayawa a wurin minti biyar a rubuta sifiri.